Jesi da kambas na manyan kamfanoni: nawa ke isa hannun mai ɗinki, kuma wa za a kama idan an cuce shi?

Ɗan_Fagge:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wata muhawara da ke yawan tashi a majalisu da gidajen kallon ƙwallo duk lokacin da aka fito da sabuwar jesi. Ta Super Eagles da Nike ta yi a 2018 dala 90 aka sa mata, kuma ranar da ta fito ta ƙare a shaguna. Yau kuɗin jesi ta asali guda ɗaya ya haura mafi ƙarancin albashin wata a Najeriya, wato naira 70,000. Amma idan ka juya wuyan rigar ko ka leƙa harshen kambas, sai ka ga an rubuta Biyetnam ko Indonesiya ko Kambodiya, ƙasashen da su ma talaka bai wadata ba.

To a cikin wannan dala 90, nawa ke shiga aljihun wadda ta zauna kan keke ta ɗinka? Kamfanonin suna cewa suna da dokoki, suna tura masu bincike masana'antu. Shin abin na aiki ko na ganin ido ne? Idan kuma masana'anta ta cinye haƙƙin ma'aikata ta rufe, wa doka za ta kama, mai masana'antar ko mai tambarin? Wasu ma na cewa gara mutum ya sayi jabu a Kwari ko Sabon Gari da ya ba azzalumai kuɗinsa. Masu ilimin abin a taimaka da bayani dalla-dalla.

Gwani_Tela:

Wa alaikumus salam, Malam. Abu na farko da ya kamata a gane shi ne, masu tambarin nan kusan ba su da keken ɗinki ko ɗaya. Nike da Adidas da Puma zane suke yi, su yi talla, su sayar. Ɗinki da haɗa takalmi kuwa kwangila ce ake ba wasu. Manyan 'yan kwangilar takalmi yawanci 'yan Taiwan ne da Koriya ta Kudu, irin su Pou Chen da Feng Tay da Taekwang da Chang Shin, su kuma su kafa masana'antu inda lebura ke da araha. Kusan rabin takalman Nike a Biyetnam ake haɗa su, kamar kashi ɗaya cikin huɗu a Indonesiya, yawancin ragowar a ƙasar Sin. Mutum sama da miliyan ɗaya ke yi wa Nike aiki ta wannan hanya, mafi yawansu mata, kuma ba Nike ke biyansu albashi ba. Ƙarƙashin masu ɗinkin akwai masu saƙa yadi da rini da masu zuba tafin takalmi, ƙarƙashinsu masu kaɗa zare, can ƙasa manoman auduga da masu tatsar roba da majema. Kana ƙara gangarawa, ido na ƙara raguwa.

Ga yadda ake yanka farashi. Ba ciniki ake yi irin na tela da mai kawo ɗinki ba. Ana warware rigar zuwa ƙananan ayyuka: haɗa kafaɗa, sa hannu, ɗinke gefe, kafa wuya, kalmasa ƙasa, manna tambari. Kowane aiki an auna masa daƙiƙoƙinsa da agogo, a tara a ce wannan riga minti kaza take ci, sannan a ninka da kuɗin minti ɗaya na masana'antar.

Mu buga lissafi da misali. A 2024 mafi ƙarancin albashin ma'aikacin tufafi da takalma a Kambodiya dala 204 ne a wata. Kwana 26, awa 8 kullum, minti 12,480 ke nan, minti ɗaya senti 1.6 da 'yan kai. Babu layin da ke aiki ɗari bisa ɗari: zare na tsinkewa, allura na karyewa, ana jiran yankakken yadi. A ɗauka kashi 60 ake samu, sai minti mai amfani ya koma senti 2.7. A ce jesin na cin minti 20, kuɗin ɗinkinta senti 55 ne, rabin dala da kaɗan. Ƙara masu yanka da masu guga da masu dubawa da masu ninkewa da alawus, ko ka ninka shi biyu dala ɗaya ce da ɗoriya a rigar dala 90. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kaso mafi tsoka na tsayawa wurin mai shago, saura ya tafi talla, haraji, jigila, yadi, kuɗin da ake biyan kulob ko hukumar ƙwallo, da riba.

Ka ga ko an ninka albashin mai ɗinki, abin da zai hau kan riga kamar dala ɗaya ce. Ba tsada ke hanawa ba. Masana'antar da ta ƙara ita kaɗai za ta rasa oda, a kai wa maƙwabciyarta ko a tsallaka wata ƙasa.

Inda gizo ke saƙa shi ne kason nan na 60. Layi mai mutum 30 a awa 8 yana da minti 14,400. A kashi 60 zai fitar da riga 432 a yini, wato 54 kowace awa. Idan mai saye ya matse farashi kamar layin na yin kashi 75, to ya yi lissafin riga 540 ne a yini. Giɓin riga 108 awa biyu ne cif na ƙarin aiki kullum, kuma babu wanda ya sa kuɗinsu a farashi. Daga nan ake samun mai kula da layi yana ɗura ashar, ana ƙirga wa mutum zuwa banɗaki, ana cin abinci a kan keke, ana buga katin tashi a dawo a ci gaba da ɗinki. A 2012 masana'antar Nikomas ta Indonesiya, mai yi wa Nike takalma, ta yarda ta biya kusan dala miliyan 1 ga ma'aikata wajen 4,500, kuɗin awanni kusan 600,000 da suka yi cikin shekara biyu ba a biya su ba.

Sai lokaci. Jesi kaya ce mai wa'adi, da gasa ta wuce ko kakar wasa ta ƙare ta zama kwantai. Idan mai tambari ya yi jinkirin amincewa da samfur, ko ya canza launi bayan an yanka yadi, ranar lodin kwantena ba ta matsawa. Masana'antar da ta makara sai ta tura kayan ta jirgin sama da kuɗinta, ko a zaftare mata wani abu. Mafitarta biyu ce: a kwana a kan keke, ko ta fitar da wani ɓangaren odar a ɓoye zuwa ƙananan shagunan da mai tambarin bai ma san da zamansu ba.

Maman_Ilham:

Sannu da ƙoƙari, Gwani. Ni bari in ɗauki batun masu bincike.

Dokokin nan kunya ce ta haife su. A 1996 mujallar Life ta Amurka ta buga hoton wani yaro a Pakistan yana ɗinka ƙwallo mai tambarin Nike. A 1997 rahoton sirrin da kamfanin bincike na Ernst & Young ya yi wa Nike a kan masana'antar Tae Kwang Vina ta Biyetnam ya fita waje, aka ga a wasu sassan tururin toluwin, sinadarin da ke cikin gam, ya ninka abin da dokar ƙasar ta yarda har sau 177. A watan Mayun 1998 Phil Knight, shugaban kamfanin a lokacin, ya tsaya gaban 'yan jarida a Washinton ya amsa cewa sunan kayansu ya zama ɗaya da albashin bauta da ƙarin aiki na dole, ya ɗaga shekarun ɗaukar aiki zuwa 18 a takalma, 16 a tufafi. A 2005 Nike ta wallafa sunaye da adireshin masana'antunta sama da 700, daga baya sauran suka bi sahu.

A takarda dokokin kusan iri ɗaya ne: awa 48 a mako, ƙari kada ya wuce 12 kuma da yardar ma'aikaci, hutun kwana ɗaya cikin bakwai, babu yara, babu riƙe fasfo, babu karɓar kuɗi kafin a ba mutum aiki, kuma a bar ma'aikata su kafa ƙungiya.

Binciken kansa kwana ɗaya ne ko biyu, mutum biyu ko uku. Su zauna da manaja, su zaga ɗakunan aiki, su ɗauki takardun albashi da katunan shiga da fita na wasu watanni, su kira ma'aikata ƙalilan su yi musu tambayoyi, sannan su rubuta jerin gyare-gyare. Sau da yawa masana'antar ce ke biyan kuɗin binciken, kuma ta san makon da za a zo. Abin da ke faruwa kamar zuwan duba-gari ne: a share, a buɗe ƙofofin gaggawa da aka saba garƙamewa, a raba sababbin takunkumi, a ce wa masu ƙananan shekaru su huta yau. Littafin albashi biyu ake ajiyewa, na gaskiya da na baƙi. Ma'aikatan kuma an haddace musu amsa, kuma ana yi musu tambayar ne a ɗakin da ke jikin ofishin manaja.

Mai bincike da ya san aikinsa ba ya tsayawa a katin tashi. Akwai littafin karyayyun allurai: duk allurar da ta karye sai an manna gutsattsarinta a littafi da kwanan wata kafin a ba da sabuwa, don kada ƙarfe ya bi riga ya soki mai saye. Masu gyara takardu sukan manta da shi, sai ka ga allura ta karye ranar Lahadin da aka ce babu aiki. Haka takardar kuɗin wuta, littafin man janareta, littafin maigadi, da ƙidayar faranti a kantin abinci. Sai lissafin da Gwani ya kawo: yawan keke sau minti, a gwada da yawan kayan da aka loda. Idan an loda fiye da abin da kekunan za su iya, ko dai an kwana ana aiki ko an fitar da oda waje.

A sashen gam na masana'antar takalmi, takunkumin yadi ba ya tare tururin sinadari ko kaɗan. Sai mai matatar gawayi, kuma mafi muhimmanci bututun zuƙe iska a daidai kan teburin shafa gam. Banda toluwin akwai heksan mai kashe jijiyoyin hannu da ƙafa, da benzin mai jawo sankarar jini. A nan kam an samu ci gaba na gaske, domin manyan masana'antu sun koma gam da ake haɗawa da ruwa a yawancin aikin. Abin da za a iya saye a kafa, kamar fanka da bututu da ƙofa, bincike na gyara shi. Abin da ya shafi iko da kuɗi ne ba ya taɓawa. Misali kwangilar wata biyu ko uku da ake ba ma'aikata a Kambodiya: mace ta yi ciki ko ta shiga ƙungiya, ba a kore ta ba, kawai ba a sabunta ba. A takarda babu laifi.

Nike da kanta ta ba Farfesa Richard Locke da abokan aikinsa bayanan binciken masana'antu sama da 800 a ƙasashe 51, suka gano mafi yawansu ba su gyaru ba, wasu ma baya suka ci. Masana'antar Hansae ta Biyetnam an bincike ta fiye da sau 20 a 2015 kaɗai, amma sai da ma'aikata suka yi yajin aiki, ƙungiyar Worker Rights Consortium ta yi hira da su a wajen masana'anta, aka ji labarin mata na suma saboda zafi, korar masu ciki, da ƙofofin gaggawa a kulle. Mafi muni, ko da yake ba kayan wasanni ba ne, masana'antar Ali Enterprises ta Karachi ta samu takardar shaidar inganci makonni kaɗan kafin gobarar Satumban 2012 da ta kashe mutum sama da 250.

Ɗan_Fagge:

Allah ya saka da alheri, Hajiya. To idan an kama yara a masana'anta, ba sai kamfani ya yanke hulɗa nan take ba? Ai wannan shi ne hukunci mafi sauƙi.

Baban_Siyama:

Malam, mafi sauƙi ga kamfani dai, ba ga yaron ba. A duba abin da ya faru a Siyalkot ta Pakistan, garin da ke yin mafi yawan ƙwallayen ɗinkin hannu na duniya.

Ƙwallo irin ta da tana da ƙyalle 32, guda 20 masu kusurwa shida, 12 masu kusurwa biyar. A masana'anta ake yanka su a huda ramukan ɗinki, sai dillali ya kwashe su a buhu zuwa ƙauyuka, a ɗinka a gida da allura biyu da zare mai kakin zuma, ɗinki kusan 700 a kowace ƙwallo. Gwani yakan gama uku zuwa biyar a yini, kuma kuɗin na kowace ƙwallo ne, ba na yini ba. Tunda a tsakar gida ake yi, kowa na sa hannu, har yara. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta ƙiyasta yara wajen 7,000 a cikin sana'ar a 1996.

A watan Fabrairun 1997 aka sa hannu kan yarjejeniyar Atlanta tsakanin ILO da UNICEF da majalisar 'yan kasuwar Siyalkot. Tsarin shi ne a kwashe ɗinki daga gidaje zuwa cibiyoyi masu rajista da za a iya shiga ba sanarwa, a gwada yawan ƙyallen da aka fitar da yawan ƙwallayen da suka dawo daga cibiyoyin, a kuma buɗe wa yaran makarantu. Yara sun ragu ƙwarai a ɗinkin ƙwallo, wannan babu musu.

Amma ga abin da ba a hango ba. Da yawa daga masu ɗinkin mata ne da ba sa fita aiki nesa da gida, abin da mu nan ba sai an yi mana bayaninsa ba. Ana kwashe aiki zuwa cibiya, suka rasa sana'a, gida ya rasa kuɗin uwa da na ɗa a lokaci guda. Sai daga baya aka yarda da ƙananan cibiyoyin mata a cikin unguwanni. Wasu yaran kuma suka koma wurin goge kayan tiyata, wadda ita ma sana'ar garin ce kuma ta fi haɗari, wasu wurin gasa bulo. An gudu ba a tsira ba. Kuɗin ɗinkin kowace ƙwallo, wanda shi ne ya sa uba ke buƙatar hannun ɗansa tun farko, yarjejeniyar ba ta ɗaure kowa ya ƙara shi ba.

A 2006 Nike ta yanke hulɗa da Saga Sports, babban mai yi mata ƙwallo a garin, saboda an ci gaba da fitar da ɗinki zuwa gidaje da wasu laifukan. Dubban mutane suka rasa abin yi. A 2007 ta dawo da sabon ɗan kwangila bisa sharaɗin duk aiki a cikin masana'anta, kowa ma'aikaci mai rajista da albashi. Sannan fasaha ta zo ta canza lissafin: ƙwallayen gasar cin kofin duniya na Adidas, irin Brazuca ta 2014 mai ƙyalle 6 kacal, da zafi ake manne su, ba ɗinki. Forward Sports ta Siyalkot ta yi ta, ta kuma yi na 2018 da 2022, amma aikin inji ne a masana'anta, ba na tsakar gida ba.

Shi ya sa tsarin da masana suka fi yarda da shi yanzu, idan an samu yaro, shi ne a cire shi daga aiki, a sa shi makaranta da kuɗin masana'anta, a ci gaba da biyan iyalinsa abin da yake samu har ya kai shekaru, a ba wani babba a gidan gurbinsa idan akwai. Yanke hulɗa sai masana'anta ta ƙi yin haka.

Barista_Kd:

Tambayar wa za a kama ita ce tawa. A dokar yawancin ƙasashe, mai aiki shi ne wanda ya ɗauke ka, mai tambari kuwa abokin ciniki ne kawai. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan kasuwanci da haƙƙin ɗan Adam sun ce wajibi ne kamfani ya bi diddigin abin da ke faruwa a duk inda kayansa ke fitowa, ya kuma gyara ɓarnar da yake da hannu a ciki, amma ba doka ba ce da za a kai kotu.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne kuɗin sallama. Duk wanda ya san yadda ma'aikatan masaƙun Kakuri a Kaduna suka shekara suna jiran haƙƙinsu bayan an rufe ya san ciwon. Doka ta ce a biya gwargwadon shekarun aiki, amma ba a tilasta wa masana'anta ta ware kuɗin a wani asusu, ranar da ta durƙushe babu komai sai tsofaffin kekuna, su ma banki ya riga kowa. A 2011 mai masana'antar Kizone ta Indonesiya, mai yi wa Nike da Adidas kaya, ya gudu ya bar ma'aikata wajen 2,800 da bashin sama da dala miliyan 3. Nike da dillalinta suka biya wani kaso. Adidas ta ce ba ita ta ɗauke su ba, ta raba takardun karɓar abinci. Sai da ɗalibai a Amurka suka sa jami'o'i fiye da goma suka soke ko suka dakatar da kwangilarsu, Jami'ar Wisconsin ta shigar da ƙara, sannan a watan Afrilun 2013 ta sasanta ta biya. Haka Nike ta biya dala miliyan 1.54 a 2010 kan masana'antu biyu da aka rufe a Honduras. Haka Russell Athletic, mai yin kayan wasanni, ta mayar da ma'aikata 1,200 a 2009, bayan ta rufe masana'antar da suka kafa ƙungiya a cikinta, jami'o'i kusan 100 suka juya mata baya. A lura, a duka ukun ba tausayi ya yi aiki ba. Jami'o'in sun rubuta sharuɗɗan ƙwadago a cikin kwangilar ba da izinin sa tambarinsu, saɓa su saɓa kwangila ne. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma sai an rubuta askin a takarda.

Misali mafi ƙarfi shi ne yarjejeniyar Bangaladash, bayan ginin Rana Plaza mai ɗauke da masana'antun tufafi ya rushe ranar 24 ga Afrilun 2013 ya kashe mutum 1,134. Kamfanoni sama da 200, har da Adidas da Puma, suka sa hannu da ƙungiyoyin ƙwadago. Injiniyoyi masu zaman kansu ke duba gini da wayoyin wuta da hanyoyin tsira, a wallafa rahoton kowa ya gani. Masana'antar da ta ƙi gyara, duk masu sa hannun ne za su daina saye a wurinta, ba ɗaya ba. Mai tambari kuma dole ya tabbatar akwai kuɗin gyaran, idan ya ƙi a gurfanar da shi gaban kotun sasanci. A 2018 wani kamfani ya biya dala miliyan 2.3 ta wannan hanya. An faɗaɗa tsarin zuwa Pakistan a 2023. Iyakarsa ita ce gini da gobara ya fi shafa, ba albashi ba: a ƙarshen 2023 ma'aikatan Bangaladash sun nemi taka 23,000 (kuɗin ƙasar) a wata, aka ba su 12,500.

Dokokin ƙasashe sun fara shigowa. Faransa ta yi tata a 2017. Jamus, inda hedikwatar Adidas da Puma take a gari ɗaya, tata ta fara aiki a 2023, da tarar da za ta iya kai kashi 2 cikin ɗari na cinikin shekara ga manyan kamfanoni. Tarayyar Turai ta amince da irinta a 2024, amma daga baya aka ɗage ta, aka kuma sassauta ta. Mai haƙori sosai ita ce ta Amurka da ta fara aiki a watan Yunin 2022 kan lardin Shinjiyan na ƙasar Sin, inda ake zargin ana tilasta wa Musulmi 'yan ƙabilar Uighur aiki, zargin da gwamnatin Sin ke musantawa. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na audugar duniya daga can take. Dokar ta juya nauyin hujja: duk kayan da ke da alaƙa da lardin kwastan na ɗaukarsu na aikin dole ne, sai mai shigowa da su ya kawo takardu tun daga ɗaurin auduga zuwa zare zuwa yadi zuwa riga.

Abin da babu dokar waje da ke maye gurbinsa shi ne ƙungiyar ma'aikata mai 'yanci, domin ita ke cikin masana'anta kullum, ba kwana biyu a shekara ba. A Sin da Biyetnam ƙungiyar ƙwadago tana ƙarƙashin jam'iyya mai mulki. Shi ya sa a watan Afrilun 2014 ma'aikatan masana'antar takalma ta Yue Yuen wajen 40,000 a birnin Dongguan na Sin suka fita yajin aiki da kansu, bayan sun gano shekara da shekaru ana biya musu kuɗin fansho da inshora ƙasa da yadda doka ta ce. Masu bincike sun sha wucewa ta kan waɗannan takardun.

Gwani_Tela:

Barista ya gama da doka, saura maganar jabu da ba wanda ya taɓa. Malam Ɗan Fagge, wanda ya sayi jabu don aljihunsa bai kai ba, kowa ya san dalilinsa. Amma a daina cewa taimakon ma'aikata ne. Jabu na fitowa daga shagunan da ba su da suna a jerin kowa, babu mai bincike ko na ganin ido, babu jami'ar da za ta soke kwangila, kuma can ne har yanzu ake manna tafin kambas da gam mafi araha a ɗaki marar taga.

Mai sayen guda ɗaya ba shi da abin dubawa sosai, domin 'yar takardar wuya ƙasa take faɗa da lambar samfur, ba yanayin aiki ba. Masu saye da yawa ne ke da bakin magana: kulob, makaranta, hukumar wasanni ta jiha, ɗan kasuwa mai odar kwantena. Su nemi sunan masana'anta da adireshinta a rubuce, su duba ko tana cikin jerin da Nike da Adidas da Puma ke wallafawa a intanet ko a rumbun Open Supply Hub. Su nemi a ware musu kuɗin ɗinki daban da na yadi a takardar farashi, su raba shi da mintunan rigar, su ga ko ya kai mafi ƙarancin albashin ƙasar. A rubuta cewa ba a fitar da oda waje sai da izini, kuma idan mai saye ne ya canza launi ko lamba bayan an yanka yadi, ranar kawo kaya ta matsa da adadin kwanakin da ya ɓata.

Ƙungiyoyin unguwa da ke kai wa telan gida su ma lissafin ɗaya ne. Saiti 18, riga da gajeren wando, da yanka da buga suna da lamba, a shago mai keke biyu da sauran ɗinkin mutane a gabansa, a ba shi mako biyu da rabin kuɗi a hannu. Idan an kawo ranar Laraba ana so ranar Juma'a, yaran shago ne za su kwana a kai.